Ramar Malaman Gona

Cikin duk marasa lafiyar da suka ratsa ta hannuna, ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo Malam Ishaya ba. Da damina ne, farkon shekarun tamanin, muna jihar Kaduna tukuna. Ina ƙaramin nas a wani asibitin mishan da ke wajen Malumfashi. Aikina in yanka kati, in auna zafin jiki da hawan jini, in ji koke, sannan in shigar da mutum wurin likita. Ku yaran yanzu kuna da na'ura. Mu kunne muke da shi.

Malam Ishaya manomin auduga ne daga wani ƙauye kusa da Kafur, kuma dattijon ikilisiya. Matarsa Saratu ta kawo shi. Ta ce ya je kasuwa a keke ya dawo a ƙafa. Ya yi wa kunya ɗaya taki sau biyu. Ran Lahadi ya tashi zai yi sanarwa, ya tsaya yana ta murmushi har Fasto ya ce ya zauna. Yanzu dattawa na cewa burkutu yake sha a ɓoye, za su zauna su sauke shi.

"Malam, mutumin nan ko ƙofar gidan giya bai sani ba," in ji ta, idonta ya kawo ruwa. Shi kuwa gogan yana zaune, ya ƙura wa fankar silin ido, abin ya burge shi ƙwarai.

Likitanmu wani matashi ne da ya yi karatu a Zariya, ba ya son dogon zance. Ya tambaye shi waƙoƙin coci na ƙuruciya, ya rero su tsaf. Ya tambaye shi me ya karya da shi, shiru. Ya duba idonsa, ja wur. Sai ya ce da ni, "Dauda, ba giya ba ce. Tambaye ta me yake ci wanda sauran gida ba sa ci."

Saratu ta ce babu, sai dai kwaɗon rama. Kullum da rana take dafa masa, ta zuba ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ita ba ta ci saboda gyambon ciki.

"Kuma bana ya ƙara son ta. Ga cin tuwo kamar gara. Sabon iri ne ai, na malaman gona."

"Su suka ba ki, Uwargida?"

"A'a. A gefen gonar da muka ba wani direba aro na gan ta. Na ga ta fi tamu tsayi, ba ƙaiƙayi, ba tsami, sai ƙamshi. Na ce to, gwamnati ta gyara rama."

Kada ku yi mata dariya. A shekarun nan komai sabon iri ne, masara, dawa, auduga, duk ana ta kawowa. Kuma duk wanda ya san ganyen rama ya san da wa take kama.

Washegari ta zo da ita ƙunshe a zane. Likita ya buɗe, ya rufe, ya ce in tura ƙofa. Wiwi ce, lafiyayya.

Ya zana mana a bayan kati. Ya ce ƙwaƙwalwa jijiyoyi ne masu miƙa wa juna saƙo, kuma a jikin kowace akwai 'yan ƙofofi da gishirin jiki ke shiga yana fita, da haka saƙon ke tafiya. In saƙo ya yawaita bi ta wuri ɗaya, wurin ya ƙara ƙarfi, kamar hanyar gona da ƙafa ta saba. Wannan shi ne tunawa. Wiwi na hana sabuwar hanya fitowa, tsofaffin kuwa suna nan, shi ya sa waƙa ta zauna keke ya tafi. Na ce ta yaya take yi? Ya ce ba a gano ba tukuna. Sai daga baya na ji an gano cewa ƙwaƙwalwa na da mazaunin da sinadarin wiwi ke sauka, har ma tana yin irin nata ɗan kaɗan don daidaita ƙofofin.

Magani dai a daina kwaɗo. Saura dattawa. Da kan Malam Ishaya ya washe, ya ce kada a faɗa wa kowa, gara a sauke shi da a riƙa kiran matarsa mai dafa wiwi. Wallahi na ji tausayinsa. Saratu ta ɗaure ƙunshinta.

Ranar zaman ta roƙe ni in raka ta in zama shaida. Ta shiga gaban dattawa, ta durƙusa ta gaishe su, ta kwance zane. Kafin ta buɗe baki, dattijon da ya fi kowa zafi a kan maganar burkutu ya zabura ya ce, "Kai! Ina kika samo wiwi?"

Sauran duk rama suka gani. Fasto ya dube shi, ya daɗe, sannan ya ce a rufe da addu'a. Malam Ishaya ya riƙe kujerarsa har ya rasu. Keken dai ba a gan shi ba.

Tun daga ranar, in an kawo mini wanda aka riga aka yanke wa hukunci a gida, sai na fara tambayar abin da ke cikin kwanonsa. Kuma ina lura da wanda ya fi kowa saurin gane laifi.