Bangon Ɗakin Inna

Gemunsa ya yi furfura, 'ya'yansa mata sun kusa kamo shi a tsawo, amma har yau Auta ake kiransa, a gida da wurin aiki. Mai fenti ne. Daga nesa ake gane shi, yana ɗingisa ƙafar hagu, tsani a kafaɗa, wandonsa kuwa babu kalar da ba ta sauka a kansa ba. Abokan aiki suna tsokanarsa cewa in mai gida ya rasa kalar da zai zaɓa, a tsayar masa da Auta kawai ya nuna da yatsa.

Mutane suna yabon haƙurinsa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Yana ɗan saurayi mahaifinsu ya rasu, ya ajiye littafi ya ɗauki buroshi. Ya samu aiki a wani kamfanin kujeru yana fesa musu fenti, yana fara jin daɗin albashi kamfanin ya rufe. Ya buɗe ɗan shagon fenti, wuta ta tashi a shagon maƙwabci ta haɗa da nasa. Ya koma bin gine-gine, katakon da yake tsaye a kai ya karye a hawa na biyu, ya sauko da ƙugu. Ɗansu na fari, namiji, zazzaɓi ya ɗauke shi yana fara tafiya. Duk da haka ba wanda ya taɓa ganin Auta ya zauna ya rafka tagumi. Washegarin gobarar ya share toka, ya ari rolar shafa fenti, ya tafi aiki. Bayan rasuwar yaron ma, masu gaisuwa na watsewa matarsa ta same shi yana yi wa ɗakin sabon fenti, har wurin da ɗan hannun yaron ya bar datti a bango. Ta daɗe ba ta yafe masa wannan ba. Shi kuwa iyakar abin da ya iya ke nan: in abu ya lalace a kankare, a cike, a shafe, a ci gaba da harka.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne zaman Inna, mahaifiyarsa. Tun da idonta ya dushe take yawo tsakanin gidajen 'ya'yanta. 'Yan watanni a wurin babban yaya, sai a ce yara sun girma suna buƙatar ɗakin. 'Yan watanni a wurin na biyu, sai a canza masa wurin aiki. Ba wanda ya taɓa korar ta, kowa da uzurinsa mai kyau, ita kuma ba ta da bakin ƙorafi. Duk gidan da ta je sai ta koyi hanyar banɗaki da lalube, tana iyawa a ɗauke ta. Ranar da Auta ya je gaishe ta ya tarar da ƙullutu a goshinta, ta yi karo da ƙofar da ba ta saba da ita ba, ya fita waje ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya ce mata zai gina mata ɗaki nata na kanta, kuma in ta shiga ba mai sake tayar da ita.

Gidansa ɗaki biyu ne da falo, filin da ya rage kuwa a baya yake, wurin wani tsohon ramin shara da aka cike tun kafin ya sayi gidan. Magini, abokinsa tun suna samari, ya caka ƙarfe a wurin, ƙarfen ya nutse ba gardama. Ya ce sai an haƙa har an tarar da ƙasa mai tauri, ko da za a kai tsayin mutum. Auta ya duba ƙarfin aljihunsa, ya duba damina da ke tafe, ya tuna goshin Inna, ya ce a haƙa iya gwiwa, ai ɗaki ɗaya ne ba bene ba. Magini ya gina yana ƙunƙuni. Auta ya yi wa ɗakin fenti shuɗi mai santsi, irin wanda ko masu kuɗi bai taɓa yi wa ba, duk da mai ɗakin ba ta bambance shuɗi da ja. Ranar da ta tare ta zagaye bangon da tafin hannunta, a hankali, ta dawo bakin gado ta zauna. Ta ce, "Nan ne nawa?" Ya ce mata nan ne.

Daminar farko ta wuce lafiya. A ta biyu ya ga wata tsaga a bangon, siririya kamar gashi, ta taso daga saman ƙofa ta nufi silin. Ya jira aka fitar da Inna shan hantsi, ya kankare, ya cike da fila, farin kwaɓin toshe tsaga, ya goge da samfefa, ya haɗa kalar daidai. Kafin a dawo da ita bango ya koma sabo. Wannan aikinsa ne, kuma a garin ba wanda ya fi shi iya ɓoye tabo.

Tsagar ta dawo, ta zo da 'yar'uwarta a bangon baya. Ya shafe su, suka sake fitowa, fila da ya saba ɗiba da bakin wuƙa ya koma ɗiba da cokalin magini. Matarsa ta fara tambayar me ya sa ɗakin Inna kullum yake warin fenti. Ya ce gyara ne. Ta ce ita dai duk safiya sai ta karkaɗe yashi daga zanin gadon tsohuwa, kuma rannan lemo ya faɗi daga hannun Inna, ya gangara da kansa har kusurwar baya kamar an kira shi. Ya yi dariya ya ce lemon ne ba shi da kunya. Ba ta taya shi dariyar ba, da yamma ta aika a kira magini.

Magini ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kara kunne, ya fito tsakar gida ya ja Auta gefe.

"Mutumina, ƙasan ce take tafiya. Fenti ba ya riƙe bango. Ka fitar da tsohuwa."

"Bayan damina zan san yadda za a yi."

"To ka ji wannan, ko ba ka ji komai ba. Ranar da ƙofar nan ta ƙi buɗuwa, kada ka kuskura ka banke ta. Bangon ne ya zauna a kanta, ita kaɗai ke ɗauke da shi."

Auta ya gyaɗa kai, ya raka shi har bakin titi, ya dawo. Ba taurin kai ne kaɗai ya hana shi ba. Fitar da Inna yana nufin ya durƙusa gabanta ya ce shi ma ya gaza, shi ma yana da uzuri mai kyau kamar yayyensa, kuma wannan maganar ta ƙi fitowa daga bakinsa. Da ƙofar ta fara cijewa, sai ya ari abin fiƙe katako wurin kafinta ya rage mata sama, ya shafa fenti a wurin. Tsoro kuwa ya shige shi sosai. Yana kan tsani a gidan mutane, in ya ji an yi tsawa sai ya tsaya da rola a sama fenti na ɗiga masa a gwiwar hannu. Ya daina cin abinci da kirki. In an tambaye shi sai ya ce lafiya lau.

Ranar da abin ya zo, ruwa ake yi tun asuba, ba ƙarfi, ba kuma tsayawa. Bai fita aiki ba. Da hantsi matarsa ta ɗauki shayi ta nufi ɗakin Inna, ta murɗa hannun ƙofa, ta tura, ta sake turawa. Ta ajiye kofin ta juya kafaɗa za ta banka, ya riƙo hannunta. A saman ƙofar, fentin da ya yi shekaranjiya ya dare, ɓawonsa ya nannaɗe, wani siririn yashi yana zubowa daga ciki ba ya yankewa. Ta dubi wurin, ta dube shi, irin kallon da da ta zage shi da ya fi jin sauƙi.

Tagar ɗakin tana da ƙarafa, shi da kansa ya sa aka dasa su cikin bango saboda ɓarayi. Ya zagaya ya leƙa. Inna tana zaune a bakin gado, hannayenta a kan cinya, bangon baya a bayanta ya yi ciki. Ya daidaita murya ya ce mata ƙofar ce ta kumbura da ruwa, yanzu zai gyara.

"Auta, bari haka nan," in ji ta. "Tun tuni yatsana yake shiga cikin bangon nan. Kana shafewa, ina taɓawa, ina jin wurin da sanyi."

Ya riƙe ƙarfen tagar.

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?"

"Na ga ba ka so in sani."

Duk wahalar da ya sha yana haɗa kala, ashe wa masu ido yake yi. Kunya ta rufe shi. Amma ba lokacin kunya ba ne. Fasa ƙarafan taga sai da guduma, bangon kuma ba zai ɗauki duka ko ɗaya ba. Saura sama.

Ya ce wa matarsa ta aro tsanin maƙwabta. Ya jingina nasa a bangon babban gida, ya hau, ya rarrafa kan kwano yana bin layin kusoshi. Da filaya ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya, yana murɗawa a hankali, ruwa na shiga masa ido. Ya ɗaga kwano guda, ya yanke silin da wuƙa, ya zura tsani na biyu ya kafa shi a tsakiyar ɗaki, nesa da kowane bango. Da ya sauka ya ji ƙarar da ba a ji daga waje, wata 'yar ƙara a cikin bulo kamar mai tauna tsakuwa. Ya durƙusa ya juya wa Inna baya, ya ɗaure ta da zanin matarsa. Rashin nauyinta ya ba shi tsoro.

Matakin farko ƙugunsa ya amsa. A na uku ya tsaya yana haki, yashi na zuba a kan gadon da ta tashi.

"Ƙafar nan taka za ta kai mu?" ta tambaya a kunnensa.

"Ban sani ba, Inna. Riƙe ni dai."

Ta riƙe shi. Ya hau da hannu fiye da ƙafa, ya fito da ita cikin ruwa, ya ja ciki a kan kwano har zuwa ɗayan tsanin, inda matarsa da maƙwabci suka tarbe ta. Aka shigar da ita falo, aka lulluɓe ta da bargo. Shi ya zauna a ƙasa a tsakar gida, ya kasa miƙewa sai da aka kama shi.

Abin haushi, ɗakin bai faɗi ba. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, washegari ga shi tsaye shuɗi shar kamar ba abin da ya faru. Aka ciro kayan Inna ta sama. Maƙwabta suka fara cewa ai da sauransa, a tokare shi da katako a mayar da kwano, zai ƙara shekaru. Auta yana sauraro, kuma maganar tana yi masa daɗi. Sai ganin kansa ya yi tsugune a bayan gida, ya zuba ruwa a bokiti yana kwaɓa fila, hannunsa ya fara tun kafin ya yanke shawara.  Ya kife bokitin, ya tafi gidan magini ya ce a ara masa babbar guduma.

Magini ya ce zai zo ya taya shi, ya ce a'a. Ya kori kowa daga bayan gida, ya tsaya gefe ya daki bangon baya. A duka na biyu bangon ya tafi gaba ɗaya, ya kwanta daidai inda gadon yake, saman ƙofar ya biyo shi. Sauƙin faɗuwarsa ne ya karya Auta. Ya ajiye gudumar, ya zauna a kan bulo, ya yi kukan da bai yi wa shagonsa ba, bai yi wa ƙafarsa ba, bai yi wa ɗansa ba. Matarsa ta leƙo ta gan shi, ta koma ta hana yaran fitowa.

Da ya wanke fuska ya shiga falo, ya tarar da Inna a kujera, ta sa takalma, ta yafa mayafi, ta ƙulle kayanta a zani ta ɗora a cinya. Fuskarta tana wajen ƙofar fita.

"Na ji ya faɗi," ta ce. "Gidan wa za a kai ni?"

Ya durƙusa gabanta. Ya ce mata ba inda za ta, ɗakinsu za ta shiga, shi da maman yara su dawo falo har ya haƙa wancan wurin da kyau ya sake gini.

"Yayyenka ma kowa da 'har' ya fara," in ji ta, ba da faɗa ba.

 Ya sunkuya ya cire mata takalman, ta bar shi ya cire. Da ya kai hannu ga ƙullin kayan sai ta ƙara rungume shi.

Yanzu kullum kafin ya fita aiki yana bayan gida da diga da shebur. Ramin ya kai masa ƙirji, kuma har yanzu tsumma yake fitarwa da gwangwani da fasassun kwalabe, ƙasar tana nutsewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Inna tana ɗakinsu tana jin sarar digar. Matarsa ta ware mata gefe guda a cikin durowa, ta yi mata magana sau da yawa, amma ƙullin yana nan a gefen matashin kanta, ba ta kwance shi ba.