Rikodar Da Muka Zo Da Ita Daga Jidda

Wata Laraba ce cikin damina, a ƙarshen shekarun 1980, kwanan mu tara da sauka Gwandu, aka kawo wuta da hantsi. Ina tsakar gida ina koyon surfen gero, tafin hannuna duk ya yi bororo, sai na ji fankar ɗakin Baffa ta fara juyi. Na yar da taɓarya na ruga wurin Umma.

A Jidda aka haife ni, can mahaifina ya yi shekara goma sha biyar yana ɗinki. Da ya rasu, Baffa, yayansa, ya aiko mu dawo gida. Muka zo da firij, da dutsen guga, da wata baƙar rikoda. A cikinta akwai kaset ɗin da mahaifina ya ɗauka yana kwance, saƙo zuwa ga mahaifiyarsa, wadda ba ta ƙara jin muryarsa ba tun tafiyarsa. Umma ta ce ba za a kunna ba sai Kaka na zaune.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin Baffa, matan gida suka bar daka, aka riƙo hannun Kaka aka zaunar da ita, don a lokacin idonta ya yi rauni. Ni na saba da rikodar, ni kuma na jona ta. Muka ji tarinsa, muka ji sallamarsa, Kaka ta amsa kamar yana gabanta. Daga nan muryar ta fara gudu, wani abu ya yi ƙara, hayaƙi mai warin roba ya taso. Kafin Baffa ya fizge wayar, zaren kaset ɗin ya naɗe a ciki.

Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da an dake ni da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu ban ci tuwo ba. A makaranta yara na dariyar Hausata mai gauraye da Larabci, ina zama gindin dogonyaro ina kallon su suna 'yar gala-gala, ba abin da nake ji sai warin nan.

Ranar kasuwa Baffa ya kai mu Kalgo wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Shi ya fahimtar da mu cewa wutar unguwarmu ta Jidda ba ta kai ta nan ƙarfi ba, kayan can sai an haɗa su da taransifoma. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ko ni aka ba ban duba ba, haka za ta yi." Rikodar ta mutu, amma ya zare zaren a hankali da tsinke, ya yanke inda ya lalace, ya liƙe da jan farce.

A rediyon maƙwabta mai batir Kaka ta saurara. Mahaifina ya gai da danginmu na garin Malisa, ya tambayi gonar fadama, sannan ya ce, "Inna, abin da nike son ki sani," sai muryar ta tsallaka zuwa addu'ar rufewa. Kaka ta sa aka maimaita sau uku. Ta tambayi Umma ko ta san abin da ya faɗa, Umma ta ce shi kaɗai ne a ɗakin ranar. Kaka ta ce ko mene ne ta yafe mishi. Ba ta kai wata daminar ba.

Firij ɗin ba a taɓa jona shi ba, Umma ta mai da shi ma'ajiyar kwanoni. Yanzu 'ya'yana na turo mini murya daga ƙasashen da suke karatu, ina taɓa waya in ji su ko sau nawa nake so. Har yau ba na iya goge ko guda.