Kamfanin Hajara

Jama'a, yau na ga iyakar digirin Yaya Nura!

Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu a Gafasa, sai na tsinci tsohon alƙalaminsa a ƙasan adaka. Irin mai shan tawadar nan, baƙi, bakinsa ruwan zinare. A jikin murfin akwai wani ɗan ƙaramin rubutu.

Yaya Nura, ɗan wan babana da ya zo daga Kano, ya fizge shi daga hannuna. Wai shi masanin kayan da ne! Ya gyara tabarau. Ya ɗauki hoto, ya tambayi waya. Waya ta rasa.

Sai ya taɓe baki ya ce, "Kin ga rubutun nan? Sinanci ne. Jabu ne, ɗan Chana. Ki jefa a shara."

Wallahi har na nufi kwandon shara! Sai kakarmu Inna ta ce, "Ke Bilki, miƙo nan."

Ta karɓa, ta juya shi. Ashe duk binciken nan a kife Yaya Nura yake riƙe da shi!

Ta ce, "Nura, wannan ajami ne. Ha, jim, ra. Hajara, sunana. Kakanku ya zana da allura lokacin da yake nemana."

Yaya Nura ya sake gyara tabarau. Sai cewa ya yi wai haske ne bai isa ba. Da azahar, a tsakar gida!

Inna ta soke alƙalaminta a ɗankwali ta ce, "Digiri biyu, ka mai da ni 'yar Chana."