Yayana Mai Gashin Ƙwaƙwalwa

Kafin yayana ya iso gida hutu daga ƙasar waje, Innarmu ta riga ta gama sanar da Sabon Birni cewa ɗanta ya zama babban likita. Likitan me, wannan ne ba ta iya faɗa ba. Ni da nake koyarwa a firamare na dai san yana bincike ne kan ƙarin da ke fitowa cikin ƙwaƙwalwa, da yadda ake kashe shi da wani haske mai ƙarfi daga na'ura, abin da 'yan asibiti ke kira gashi.

Kalmar gashin nan ita ta ja masa. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta hawo babur takanas daga Tozai. Ko ruwa ba ta sha ba ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, mi naj ji ana hwaɗi? Kawunan mutane kaka gasawa? Kai da ko masara anka ba ka sai ka ƙone ta?"

Yaya ya yi dariya. "Gwaggo, babu wuta ciki. Haske ne ake saitawa daidai kan ƙarin, a bar lafiyayyen wuri. Aikina in gano yawan da ya kamata a ba mutum, da ta inda za a haska."

"To mutum nawa ka warkar?"

Ya sosa ƙeya, ya ce shi bai cika duba marasa lafiya ba. Rubutu yake yi, likitocin ƙasashe su karanta su yi aiki da shi, in sun tashi nasu rubutun su ambaci nasa.

"Suna ambatonka?" in ji Gwaggo. "Da alheri, ko dai gulma ta?"

Ranakun da suka biyo baya, zaurenmu ya koma asibiti. Mai basur ya zo, mai ciwon haƙori ya zo, har da wani da ya jawo akuya mai zawo. Kowa Yaya sai ya ce masa ya je asibitin gari. Inna ta fara rage murya in ana zancensa.

Ana haka wani aminin Baba ya zo daga Burkusuma, ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar, tare da matarsa. Ta daɗe tana tashi da ciwon kai da amai, ga shi ta fara karo da bakin ƙofa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Na ga fuskar Yaya ta canza. Ya sa ta bi yatsansa da ido, ya sa ta taka zuwa bakin rijiya ta dawo, sannan ya ce wa mijin, "Baba, gobe Sakkwato za ku, a ɗauki hoton kanta. Ni ma za ni bi ku."

Nan take ya nemi lambar wani likita a can, ya kira, wayar a buɗe kowa na ji. Da ya faɗi sunansa sai likitan ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne? Ai rubutunka muke karantar da ɗalibai. Ashe ɗan Gobir ne kai!" Inna ta gyara zama, ta kalli Gwaggo. Gwaggo ta kalli rufin ɗaki.

Hoto ya nuna ƙari. Aka yi mata aiki, daga baya aka yi gashin. Yaya ya koma bakin aikinsa, amma yana bin komai ta waya. Ta sha wuya, gashin kanta na gefe ɗaya ya zube, ido ɗaya kuma bai dawo daidai ba. Amma ciwon kan ya tafi, ta koma daka da girkinta.

Da kaka suka zo godiya, ita da mijin, da zabi biyu a ɗaure bayan babur. Na ce a yanka mu ci albarkacin Yaya. Inna ta ce sam, na ɗanta ne, sai ya dawo. Har yau bai samu dawowa ba. Zabin sun hayayyafa sun cika gida, kullum maƙwabta na aiko ƙara kan kukansu, Inna kuwa ko ƙwai ba ta bari a taɓa.