Hoton Ɗiyata a Bangon Tasha

Ɗiyata tana da shekara shida kumatunta na hagu ya fara kumbura. Mun ɗauka haƙori ne. Daga likitar Madarunfa aka tura mu Maraɗi, daga can aka ce sai Yamai, a nan ne wata dokta mace ta zaunar da ni da maigidana ta ce ciwon daji ne, irin wanda ke kama muƙamuƙin yara. Wata biyar muka yi. Gashin yarinyar ya zube, ta rame har ina ɗaukarta da hannu ɗaya, amma Allah ya tashe ta. Yara biyu da muka tarar a ɗakin da aka kwantar da ita, ƴan yankinmu, ba su koma gida ba.

Ranar da za a sallame mu na tambayi doktar abin da ya sa yaranmu ke mutuwa alhali akwai magani. Ta ce ana kawo su a makare. Ta ce ita da abokan aikinta suna son su zagaya ƙauyuka su duba yara, su ɗebi jini, su gano abin da ke kawo ciwon da yadda za a gane shi da wuri, amma ko kuɗin man mota ba su da shi. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, albashina ba ya kai ƙarshen wata. Duk da haka na ce mata za mu tara abin da ya sauwaƙa.

Da muka dawo, na yanke shawarar duk ranar kasuwa zan soya kifin tabkinmu na Madarunfa in sayar, in aje gwangwani kusa da tire, ribar da abin da aka jefa a ciki duk na binciken ne. Maigidana ya yarda. Yayansa, wanda muke gida ɗaya da shi, bai yarda ba. Mutumin nan wata biyar bai taka Yamai ba, tun farko ma cewa ya yi sammu ne, mu bar ɓarnar kuɗi.

"Malama, bara za ki fara da sunan gidanmu?" in ji shi, yana tsaye bakin ƙofata ko sallama babu.

"Yaya, ba don kaina ba ne. Don ɗiyan mutane ne."

"Taki ta warke. Ki gode wa Allah ki rufa mana asiri."

Washegari na ɗauki kaskona.

Kasuwar ma ba ta fi shi ba. Mutane su sayi kifi, su karanta takardar da na manna a gwangwanin, su taɓe baki. Wani ya ce in dai yarinyar ta tashi, kuɗin mi kuma nake nema? Wani mai canjin kuɗi daga Ɗan Issa ya yi dariya ya ce bincike aikin nasara ne, su biya abinsu. Matan unguwarmu, waɗanda na koya wa ɗiyansu karatu, suka shiga cewa na gano hanyar cin abinci da ciwon ɗiyata. Su ne kuma suka hana yaransu sa hannu a kwano ɗaya da ita, wai kar ta shafa musu. Na bi gida gida ina bayani ba a ɗauka, suna cewa to, Malama, ina juya baya su janye yaransu. Har yau na san su ɗaya bayan ɗaya.

Cikin wata uku mutum ɗaya ce ta ba ni don ta fahimta. Wata tsohuwa ce daga Safo, ta zo sayar da wake. Ta sa na karanta mata takardar sau biyu, ta kwance bakin zanenta ta jefa dala ashirin, ta ce jikanta haka fuskarsa ta yi kafin ya rasu. Ba ta sayi kifi ba.

Wata safiya ɗiyata ta fita lakwal, ba a jima ba ta dawo da gudu ta shige ƙarƙashin gado. Na yi ta tambaya. Da ƙyar ta ce, "Inna, sun sa ni a bango."

Na yafa mayafi na fita. A bangon tasha, da jikin rumfunan bakin hanya, har da ƙofar kantin magani, ga fuskar ɗiyata a manyan takardu. Hoton lokacin da ciwon ya fi tsanani ne, ido ɗaya a rufe, baki a karkace, miyau na zuba. A ƙasa an rubuta da Hausa da Faransanci a taimaki wannan marainiya, ga lambar wayar wata ƙungiya ta Maraɗi da ban taɓa jin sunanta ba. Marainiya, ni da ubanta muna raye. Yara sun taru suna nuna hoton suna kumbura kumatu.

Na yage na farko, na yage na biyu. Wanda ya yi mini tsawo na hau bencin mai shayi na kankare shi da farce har yatsana ya yi jini. Ina yi ina tuna inda hoton ya fito. Sau ɗaya aka ɗauke shi, maigidana ya tura wa yayansa ta waya daga Yamai, don ya gani da idonsa ya bar maganar sammu.

Na same shi a rumfarsa ta hatsi cikin abokansa. Na watsa masa takardun a kan buhu.

"Wa ya ba ka izini?"

"Ki yi magana a hankali, Malama, gaban mutane kike."

"Gaban mutane ka tsiraita ɗiyar ƙanenka. Kai da ka ce ina zubar da mutuncin gida! Mu ka kashe a takarda, ka ce marainiya ce?"

Bai ji kunya ba. Ya ce mutumin ƙungiyar ne ya zo neman labarinmu, shi kuma ya taimaka. Ya ce, "Ba kuɗi kike so ba? Hoton nan zai tara cikin sati abin da kifinki ba zai tara ba cikin shekara."

Na ce masa Allah ya isa tsakanina da shi. Abokansa suka yi ta salati kamar ni ce na yi abin kunya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Bayan kwana goma mutumin ƙungiyar ya zo da mota mai gilashi baƙi, ya miƙa wa maigidana ambulan. Ban san nawa suka riƙe ba. Na so in jefa masa a fuska. Kwana biyu ambulan ɗin na kan tebur ban taɓa shi ba, ina tuna yaran nan biyu na ɗakinmu a Yamai. Rana ta uku na haɗa da na gwangwani na aika wa doktar. Ban faɗa mata ta yadda aka same su ba.

Bayan damina suka zo, ita da mutum uku. Kwana huɗu suka yi tsakanin Gabi da Safo da ƙauyukan bakin tabki, suka tafi da wasu yara da ciwon bai yi nisa ba. A taron tarbarsu yayan maigidana ya sa babbar riga ya zauna a layin gaba, mai jawabi ya gode masa da suna. Ni ina baya a tsaye cikin mata.

Bayan abin hoton nan, ɗiyata ta yi wata guda ba ta je lakwal ba. Ubanta, wanda bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba tun suna yara, ya sayo bulo amalanke shida, ya ja katanga tsakiyar gidan da hannunsa, ya fasa mana ƙofa ta gabas. Uwarsu ta yi kuka, ta ce ni na raba mata ɗiya. Na ce mata e, Inna, ni ce.