Allon Rijiyar Garagumsa

A shekara ta biyu ta fari, lokacin da ake raba jar dawa, sana'ata rubuta alluna ce. Ina da ƴar rumfa a bayan babbar kasuwar Damagaram, nakan rubuta sunan kanti ko na tela, wani lokaci kirari a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Aiki ya ɗauke. Har ƴan kasuwar Kano sun rage zuwa.

Wata safiya wani mushe, ma'aikaci ɗan boko, daga biron wani proje na haƙa rijiyoyi ya zo da littafin haruffa da aka aiko musu daga Faransa. Ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa. Ban taɓa ganin irinsu ba. Kowane harafi da'ira ne, ko rabin da'ira, ko miƙaƙƙen layi, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa. Harafin A ma ba shi da sandar tsakiya, ya yi kama da jinkar ɗaki. Ya ce haruffan zamani mai zuwa ne, da su shugabansu yake son a rubuta allon da za a kafa a Garagumsa. Na ce to.

Hannuna ya saba da haruffa masu jela da lanƙwasa, sai ya ƙi waɗannan. Kwana biyu ina ɓata fenti. Daga baya na kafa ƙusa, na ɗaura zare, na riƙa zagayawa da fensir.

Ina cikin haka yayana ya iso daga Zermu, a ƙafa. Gonarsa ba ta ba shi ko dami ɗaya ba. Ya rame har sai da ya yi magana na shaida shi. Ya sha ruwa, ya zauna a ƙasa, na miƙa masa ƙusa ya danne mini. Ina zagaya harafin O ya ce, "Gwaggo ta rasu. Ran Talata muka kai ta."

Ita ta goye ni. Na yi salati, na ce Allah ya jiƙanta, na ƙarasa da'irar. Ta fita daidai. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba, sai na tambaye shi ko ya ci abinci. Ya zauna wurina har aikin ya ƙare, yana riƙe ƙusa.

Ni da mushen muka kai allon a kamiyo. Tun daga nesa mata suka fito da ƙore, sun zaci hatsi ne. Ko da suka ga katako aka sauke, ba su tafi ba. Muka haƙa ramuka biyu a filin da za a yi rijiyar, muka kafa shi, fari da shuɗi, yana ƙyalli. Aka kira malamin lakwal, makarantar boko, ya karanta wa jama'a. Ya daɗe yana kallo, ya ɗauki A ɗin a matsayin V da aka kifa, sai mushen ya taimaka masa.

Wata tsohuwa ta matso kusa da ni, ta ce, "Ɗana, me aka ce a jiki?"

Na ce, "An ce ruwa na nan zuwa, Iya."

Ta gyaɗa kai, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta koma.

An haƙa rijiyar, amma sai bayan da damina ta dawo. Ban je na gani ba, direban kamiyon ne ya gaya mini. Yayana ya koma Zermu da irin shuka a buhu. Wani Bakano mai sayar da rediyo ya ga ragowar gwajin da na yi a jikin katako, ya ce irinsu yake so a ƙofar kantinsa. Daga shi sai mai hoto, sai mai gyaran agogo. Na yi shekaru ina rubuta su, har na daina buƙatar zare.