Matsoracin da Na Sa a Labari

Ina koyarwa a firamare a Zoza lokacin da na yi wa yayana abin da har yau ban iya gyarawa ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina son rubutu. Da na ga 'yan aji biyar suna hamma a darasin tarihi, sai na ƙirƙiro musu labarin yaƙin zamanin da, na mahara da suka zo cin wani gari. Kowace Alhamis nakan karanta musu shafi biyu.

Labarin yana da jarumi, sai na ga yana bukatar matsoraci. Ban je nema da nisa ba. Yayana ya yi soja a yaƙin basasa, kuma tun da ya dawo, in aka yi tsawa ko wani abu ya fashe, sai ya zube rub da ciki ya dafe ƙeya da hannu biyu. Haka na sa matsoracina yake yi. Har kwaikwaya na yi a gaban allo. Aji ya kwashe da dariya, ban da 'yar yayan nawa da ke zaune a layin gaba.

Kafin mako ya zagayo yara sun gane mutumin. Sukan laɓe a bakin gonarsa su hura leda su fasa, in ya faɗi su yi ta ihu, "Kwanta, soja! Ga mahara nan!" Ana tsakiyar noman gyaɗa ya daina zuwa gona. Daga baya har masallaci ya daina fita.

Na zane yara da bulala. Na bi gidajen iyayensu ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Na rubuta sabon babi inda matsoracin ya ceci garin, da na karanta wa aji sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ba daɗi, a maimaita mana na faɗuwar."

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakin yayana.

"Yaya, ka yafe mini. Wallahi ban nufi haka ba."

"A'a, malam marubuci ne?" in ji shi. "Jarumin nan naka, a tsaye yake in ana harbi?"

"A tsaye, Yaya."

"Mu ma akwai irinsa a cikinmu. Ni na haƙa masa kabari." Ya dube ni. "Shekara nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya, ba ka taɓa tambayata yadda aka yi ba. Da ka tambaya, da na ba ka abin da za ka gaya wa yaran."

"To gaya mini yanzu, don girman Allah."

"Yanzu kam a'a."

Ni na nome masa gyaɗar, na cire, na kai masa har gida. Bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Ruwan Bago wajen surukansa. Na yi ta zuwa a keke. Yakan amsa gaisuwa, ya sa a kawo mini ruwa, ya tambayi mutanen gida. Da na ɗauko maganar, sai ya miƙe ya ce zai duba awaki. Haka muka yi ta yi har Allah ya karɓi ransa.